Dubiya ta Taga

Ranar da na tare ƙofar ɗakinmu na hana uwar mijina shiga, ni ma na yi mamakin kaina. Ni Sa'adiyya, wadda in na hango Inna tun daga nesa nake durƙusawa, yau ni ce na baje hannuwa biyu a bakin ƙofa kamar mai tare kaji.

"Kauce," Inna ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro.

Tsakar gidanmu na Safana ya cika maƙil a bayanta. Mota guda suka ciko daga Ruma, gwaggonni da maƙwabta da yara masu majina, wasu da ƙwaryar nono, Kawu Jafaru, ƙanen Inna, da gorar rubutu. Dubiya suka zo. Wa ya taɓa jin an kori mai dubiya?

Ba mu daɗe da aure ba ciwon ya kama Yusha'u. Mutumin da ke ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai ya koma in ya je masallaci sai ya huta a hanya. Dasashinsa na jini, zazzaɓi na tafiya yana dawowa. Mun sha maganin maleriya, mun sha na shawara, har aka tura mu babban asibiti a Katsina. Can suka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, likitar jini ta zaunar da mu ta ce kansar jini ce.

Ta ce akwai magani, kemo, wanda ake sa wa ta jijiya zagaye bayan zagaye, da ƙarin jini in nasa ya yi ƙasa. In hakan bai yi ba sai dashen ɓargo, shi kuma ba a nan kusa ake yi ba. Yusha'u ya daɗe kwance a can. Gashinsa ya zube tas, yana tsokanata wai ya huta da wanzami, ni kuma in fita bayan ɗaki in yi kukana in wanke fuska.

Da za su sallame mu ya huta kafin zagaye na gaba, likitar ta riƙe hannuna. Ta ce maganin ba ya tantancewa, yana kashe mugun jini har da sojojin da ke tsare jiki, kuma a 'yan kwanakin nan mijina ba shi da mai tsaro. Murar da ni zan yi in warke, shi tana iya tafiya da shi. Ban da taron jama'a, ban da mai tari, ban da ɗanyen nono. In jikinsa ya yi zafi kuwa, a kawo shi nan take.

Nan take! Ita ba ta san hanyarmu ba. Da la'asar ta yi babu direban da zai yarda ya ɗauki hanya saboda 'yan bindiga. Shi ya sa zazzaɓi ya zama abin da na fi tsoro a duniya. Ina tuƙa tuwo in ruga in taɓa goshinsa, ina sallame sallah in taɓa.

"Sa'ata, goshin nan zai koɗe fa," yakan ce.

Na yi wa Inna bayani ta waya, na roƙa a dakata da zuwa. Ashe abin da ya isa Ruma shi ne 'yar gari ta kulle musu ɗa. Ga su nan kuwa. Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, tun shigowarta Inna tari take yi, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji.

Na durƙusa ba tare da na matsa ba, na maimaita abin da likita ta ce. Kawu Jafaru ya ce dubiya haƙƙi ce, kuma bai taɓa jin tari ya kawo ajalin da Allah bai rubuta ba. Wata gwaggo ta ce ai dama an faɗa musu na shanye Yusha'u. Wata ta ce yau sai ya zaɓa, ko uwa ko mata. Na san ba wasa suke ba, don Yusha'u bai taɓa ƙetare maganar Inna ba.

"Ke ɗiyar nan," Inna ta ce, "mi na yi miki? Ni na haihe shi. In wani abu ya same shi ban gan shi ba, da wane ido za ki dube ni?"

Gaskiya ta faɗa, ni ma tawa gaskiya ce.

Sai muryar Yusha'u ta fito daga cikin ɗaki, siririya kamar ba tasa ba.

"Sa'a... bar Inna ta shigo."

"Masoyina, tari take yi..."

"Na ji. In ajalina ne, gara ya same ni Inna ba ta fushi da ni."

Taron dangi zan iya tarewa, amma ban iya tare su da shi a lokaci guda. Na ja jikina gefe ina kuka, na ce, "Inna, ga ƙofa. Ba ɗanki nake hana ki ba. Tsoro nake ji kada ki shiga yau, jibi ki dawo zaman makoki."

Inna ta cire takalmi, ta sa hannu ta ɗaga labule.

Rabonta da shi tun yana da gashi da kumatu. Ta tsaya ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa tana kallon abin da ya rage na ɗanta a kan katifa, shi kuma yana ƙoƙarin tashi ya gaishe ta. A daidai nan tarin ya taso mata. Na ga kafaɗunta sun ɗaga. Ta cusa gyalenta a baki, ta saki labulen, ta ja da baya da sauri har ta kusa faɗawa kan turmi. Sai da ta kai bakin rijiya ta saki tarin.

Da ya lafa ta juyo, idanunta jajur.

"Wanga tarin nawa... shi ma?"

"Shi ma, Inna."

Sannan ta ce wa Kawu Jafaru ya kwashe jama'a su koma zaure, a yi addu'ar daga can, Allah na ji. Ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi sau ɗaya, ya ɗauki gorarsa.

Ta tambaye ni ko ɗakin na da taga. Na shiga na wanke hannu, na buɗe ta, na tallafo Yusha'u ya jingina da kafaɗata. Ina ta lissafin ko ɗaga labulen nan kaɗai ya isa ya jawo abin da nake gudu. Inna ta zagaya ta tsaya can jikin katanga, nesa sosai, har sai ta ɗaga murya.

Ta ba shi labarin gero, da saniyarsa da ta haihu. Ta sa masa albarka. Hawayensa suna sauka a wuyana. Ya miƙa hannu ta tagar yana kiranta, ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta maida hannuwanta baya ta riƙe.

Sai iska ta kaɗa gefen gyalenta zuwa wajenmu. Inna ta dubi gyalen, ta dube ni.

"Rufe tagar, ɗiyata," ta ce. "Iskar daga wajena take tahowa."