Warƙa Mai Warin Albasa

"Talatin da tara," Malami ya ce, ya aje warƙoƙin bisa buzu. "Arba'in Baba ya bari. Ina guda, Hamsatu?"

Ta sunkuyar da kai. Littafin nan mahaifinsu ne ya rubuta shi da ajami, don yara masu fara haɗa baƙi. Ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne cikin gafaka. Tun rasuwarsa Hamsatu ke bin gidajen Jega tana ba yara aro. Wanda ya iya tasa ya karanta mata, ta ba shi ta gaba. Na ƙauye kuwa, tsohuwa Luba mai daddawa ke kai musu ran kasuwa.

"Yaya, tana Jiga Makera... wurin jikar Goggo Luba."

"Mako ukku? Ga Nasara na bin gidajen malamai suna tambayar littattafai. In ba ta komo ba kasuwa mai zuwa, zan rufe adaka. Aro ya ƙare."

Yara goma sha biyu ke jiran warƙarsu ta gaba.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ba ta mamaki. Duk warƙar da ta je Jiga Makera, da warin albasa take dawowa, da tambarin wani ƙaton yatsa a gefe. Sau nawa ta ɗora nata yatsan a kai, ya ɓace a ciki.

Ran kasuwa ta tare Luba tun ba ta sauke ƙwarya ba.

"Goggo, jikar nan taki shekarunta nawa?"

"Bakwai."

"Da yatsa kamar na maƙeri?"

Luba ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ke ɗiyar malam, aro kike badawa ko alƙalanci? Tahi rumfar 'yan albasa, idonki ya gane miki."

Ta tafi. Tsakanin buhuna ta hango shi. Almu ne, manomin albasa a fadamar Jiga Makera. Bara ya turo manyansa neman aurenta, Malami ya ce gidan malam ba ya ba wanda bai san alif ba. Ta sha kuka a ɓoye, shi kuwa bai ƙara taka unguwarsu ba.

"Kai ne?"

"Ni ne, Hamsatuna." Bai iya dubanta ba. "Jikar Goggo Luba ta koya da safe, ni in koya wurinta da la'asar. In na ɓata har kara take ɗaga mini."

Dariya ta so ƙwace mata, hawaye suka riga ta. "To mi ya hana warƙar Baba komowa?"

Ya sa hannu a aljihu, ya fiddo ƙyalle, ya warware a hankali. Warƙar ce, amma rabinta ya zama baƙin dabbare.

"Ina ban ruwa ta faɗa magudanar rijiya... wallahi da hannuna ne ya karye da ya fi mini sauƙi."

Ƙarƙashinta akwai wata sabuwar takarda. Baƙaƙen manya-manya, a karkace, kamar sawun kaji a laka.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Mako ukku ina yi. Na haddace ta kafin ta jiƙe. Ki kai masa, ki ce ni na ɓata, kar shi hukunta yara don ni."

Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba ni kaiwa. Kai za ka kai."

Bayan azahar suka iske Malami a zaure. Ya ga warƙar mahaifinsa, fuskarsa ta canza. Hamsatu na bayan zana tana jin numfashinta.

"Wanga kuma fa?" Ya ɗaga sabuwar.

"Hannuna ne, Malam."

"Karanta."

Almu ya durƙusa, ya aza ƙaton yatsansa ya fara. Yana tuntuɓe, yana komawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Malami ya rufe ido, leɓɓansa na bin sa, don shi ma da warƙar nan ya fara karatu bisa cinyar Baba. Har ƙarshe Almu bai ɓata ko baƙi ɗaya ba.

Malami ya buɗe ido.

"Rubutun ga muni gare shi," Malami ya ce. "Kuma wari."

"Gaskiya ne, Malam."

Malami ya haɗa jiƙaƙƙiyar da sabuwar, ya sa su cikin gafaka tare da sauran. Ya miƙa gafakar ta saman zana, Hamsatu ta karɓa da hannu biyu.

"Arba'in da ɗaya," ya ce. "Ki ƙirga da kyau, yara na jiranki. Kai kuma, ka ce wa manyanka su komo."