Kwamfutar Baƙi

A wani gari, can wani zamani, an yi wata malamar kimiyya a makarantar firamare. Wata rana aka kawo wa makarantar kwamfuta mai nuna yadda zuciya ke harba jini. Hedimasta ya bar ta cikin ledarta, ya kulle a kabad.

Malama ta roƙa ya ba ta ita. Ya ce, "Sai baƙi sun zo."

Ta zana zuciya a allo, yara suka ce mangwaro ne. Ranta ya ɓaci, ta sake roƙo. Ya ce, "Sai baƙi sun zo."

Shekara ta zagayo, sai ga baƙi. Hedimasta ya fito da kwamfutar, ya ja Malama gefe ya ce, "In kina son aikinki, ki ce kullum da ita kike koyarwa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara guda ka hana yarana gani, yau kuma in koya musu ƙarya? Ba da ni ba."

Babban baƙo ya kira wata yarinya ta kunna kwamfutar. Yarinya ta ɓoye hannuwanta a baya.

Ya ce, "Me ya hana ki taɓawa?"

Ta ce, "Ai mu ba baƙi ba ne."