Ɗigo Biyar a Ɗakin Saba

Shugaban sashe da kansa ya kai ƙara: an sace ƙwaƙwalen na'urorin saba, wato manyan kwamfutoci, guda takwas a cibiyar bincike, kuma injiniyansu ne ɓarawon.

Kafin Sufeton 'yan sanda ta iso, har an tsare injiniyan a ɗakin masu gadi. Shekara sha tara yana aiki a wurin ko waya ba ta taɓa ɓata ba, amma aka zaunar da shi a ƙasa. Abin haushi.

"Baba, me aka ɗauka?" ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, kowace ƙwaƙwalwa ƙwayar lissafi casa'in da shida gare ta. Su takwas suke raba aikin hasashen ambaliya. An cire su an sa masu sha shida. Lissafin kwana biyu ya koma na kwana sha biyu."

Shugaban ya taɓe baki. "Ni sukuddireba ma ban iya riƙewa ba. Shi kaɗai ke buɗe su."

Ta shiga ɗakin saba da injiniyan kawai, fankoki na ta ruri. Ya buɗe wata na'urar da ba a taɓa ba: farin man da ke ɗauke wa ƙwaƙwalwa zafi a shimfiɗe yake sumul. A takwas ɗin kuwa, sawun ɗigo biyar-biyar ne.

Ta sa ya rufe su, sannan ta kira shugaban.

"Baba, shafa man nan a kan wannan ƙwaƙwalwar in gani," ta ce wa injiniyan.

Injiniyan ya ɗauki kati ya fara shimfiɗawa. Shugaban ya daure, ya daure, ya kasa.

"Dubi shirme! Manyan ƙwaƙwalen nan ɗigo biyar ake musu, huɗu a kusurwa, ɗaya a tsakiya. Kawo nan."

Ya fizge, ya ɗiga su tsaf, hannu ko rawa.

Sufeto ta ɗaga murfin ɗaya daga cikin takwas ɗin: sawun ɗigo biyar, irin nasa sak. "Kai da ba ka iya riƙe sukuddireba ba?"

Gumi ya keto masa. "Aro na yi. Suna gidana, nawa binciken ne ya makale. Da ma zan dawo da su."

"Kafin nan dattijon nan yana kurkuku ko? Ko kunya ba ka ji ba."

Aka sa wa shugaban ankwa. A bakin ƙofa ya juyo. "Ka yafe ni."

Injiniyan bai ɗago ba. "Jiya a gaban 'ya'yana ka kira ni ɓarawo."