Mai Ruwan Bayan Dutse

Rana ta kusa faɗuwa, Ghassan Harb yana juya nama a kan garwashi a barandar gidan gonarsa, sai fararen aku da suka saba cika itatuwan turare da surutu suka yi tsit lokaci guda. Matarsa Rima ta ɗago kai daga ganyen faskin da take yankawa. Can bakin fili kangaru, dabbobin nan masu tsalle da ƙafa biyu, sun fi ashirin a tsaye, ba mai kiwo a cikinsu, duk sun zuba wa gidan ido.

Shekara ashirin da biyu Ghassan ya yi yana durƙuso yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane a birnin Sydney, kafin ya sayi eka ɗari biyu na daji a bayan garin Mudgee. Ba noma ya kawo shi ba. So yake duk ƙarshen mako iyalinsa su shaƙi iska, 'yarsu Nahla mai shekara goma sha shida ta ɗauki hotunan namun daji yadda take so. A bayan wani dutse akwai marmaro da ba ya ƙafewa ko a fari. Watan da ya wuce Ghassan ya kewaye shi da waya mai ƙaya, ya kafa inji yana jan ruwan zuwa tafkin wanka da ya haƙa kusa da gida.

Dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano ana shirin sallar magariba. Na biyu ya gangaro har gaban Rima. Ta ɗauka, ta ji shi a jiƙe, da gansakuka, ga shi an yi wata huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

"Ina Nahla?" ta tambaya a hankali.

A bakin wayar suka same ta. Ta riƙe ƙayar da hannu biyu, jini yana bin yatsunta, ba ta kuka.

Suka koma birni da ita. Likitoci suka duba, ba su ga komai ba. Ta daina cin abinci, sai ruwa, shi ma ba ya kashe mata ƙishi. Leɓɓanta suka tsattsage. Duk faɗuwar rana sai ta miƙe ta fuskanci yamma, wata murya mai kauri tana fita daga ƙirjinta da yaren da ba wanda ya taɓa ji.

Shehi Zuhair, tsohon malamin da ya ɗaura auren iyayenta, ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce a mayar da ita inda abin ya same ta.

Bayan la'asar ya zaunar da ita a barandar gidan gonar, ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar dutsen ta miƙo har ta taɓa matakala. Sai wuyan Nahla ya sandare.

"Ya isa, tsoho," in ji muryar. "Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Shehi.

"Mai ruwan. Ina nan tun dutsen can yana da tsini."

Ghassan ya yi ƙarfin hali. "Na sayi wurin nan. Ina da takarda."

Bakin yarinyar ya yi wani murmushi da ba nata ba. "Wa ya sayar maka da ƙishin dabbobina? Wata uwar kangaru ta zo sha da ɗanta a jakar cikinta, ta maƙale a wayarka. Kwana uku tana kallon ruwa kafin ta mutu. Kai ka ja gawar da mota, ka ce wa matarka karen daji ne."

Rima ta juyo ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

"Me kake nema?" Shehi ya tambaya.

"Yarinyar. Ita kaɗai ce take zama shiru idan sun zo sha. Ku bar min ita, ku riƙe ruwan."

"Ba taka ba ce, ba kuma ta ubanta ba ce da zai bayar. An zalunce ka, na ji. Amma wannan ba ta ɗaura waya ba. Za a cire wayar, a ɗauke injin. Ba yanka, ba hadaya, haƙƙin maƙwabci kawai. Idan ka ƙi, ina da sauran numfashi, zan ci gaba."

Garin ya fara duhu.

"Da hannunsa zai cire," in ji muryar. "Yanzu."

Ghassan ya ɗauki filaya ya tafi. Daga baranda suna jin ƙarar waya tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙarshe ta faɗi, Nahla ta yi atishawa sau uku ta zube jikin uwarta.

"Mama," ta ce, "yunwa nake ji."

Washegari suka ɗaure kaya. A bakin hanya Ghassan ya sauka da hannuwansa naɗe da bandeji zai sa wa ƙofar gonar kwaɗo.

"Baba, bar ta a buɗe," in ji Nahla daga kujerar baya.

Muryarta ce. Rima ta tabbata muryarta ce. Duk da haka, har suka isa Sydney ba ta yarda ta waiwaya ba.