Waƙar Bakin Dutsen Niƙa

"Mardiya, wa yak koya miki waƙag ga?"

Hannunta ya tsaya cak a kan dutsen niƙa. Ba ta ɗago ba.

"Wace waƙa, Malam?"

"Wadda ba ki rabuwa da ita in kina niƙa! Ta makiyayin da ba ya barin gurguwat tunkiya baya."

"Ba komi ba na... waƙa ta dai."

Wata bakwai da aurensu, waƙar nan ba ta taɓa damun Lauwali ba. Hasali ma yakan laɓe a bayan zana yana saurare, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Sai da ɗan baffansa Maccido ya dawo Tambuwal daga yaƙin Turawa na ƙasar Bama, suna cin tuwo a zaure ya jiyo ta, ya ajiye loma.

"Lauwali, wagga ai ta 'yan mishan ta! Ita sojan Kirista ka yi ran Lahadi. Ina matakka tas san ta?"

Tun ranar Lauwali bai sake jin daɗin tuwo ba. Daga Kebbe ya auro ta, marainiya a hannun goggonta, to a bakin wa ta ji? Ya tuna sau biyu tana roƙon zuwa ganin gida, ta tafi da ƙullin gumba da man shanu, ta dawo idanu jawur. Ya tuna wani malamin allurar shanu, mutumin kudu, da ke zaune a Kebbe. Shi ke nan, zuciya ta ɗinka riga ta saka wa bawan Allah, shi ko labari bai ji ba.

Mahaifiyarsa Dada kuwa ba ta iya kwana-kwana ba.

"Ko ta bar addini, ko akwai namiji. Dut wanda an na, ba cikin gidan ga ba. Ka binciko, ko ka ba ta takardatta."

"Dada, ina son ta..."

"So ya hana ka buɗe ido?"

Da Mardiya ta sake neman izinin zuwa Kebbe, kafin ta rufe baki ya ce ta tafi. Ta bi ayarin 'yan kasuwa, shi kuma ya ɗaura wa dokinsa sirdi ya bi sawu daga nesa, kunya da kishi na cin sa.

Da la'asar ɗin rana ta biyu ya ga ta wuce ƙofar goggonta ko leƙawa ba ta yi ba. Ta ratsa gonakin dawa, ta shige wata bukka da ke ita kaɗai a gindin tsamiya.

Ya ɗaure doki ya matso. Sai ga waƙar, murya biyu: tata, da wata kakkaura mai dishi. Ya damƙi sanda, ya fizge asabari.

"Fito, munafuki!"

Babu namiji. Wata tsohuwa ce zaune a kan buzu, tasbaha rataye a wuyan hannunta don babu yatsun da za su riƙe ta. Mardiya na durƙushe tana shafa mata man shanu a dungulmin.

"Malam!..."

"Wace ta wagga?"

"Inna ta..." Hawaye ya ɓalle mata. "Uwata ta, wadda tah haife ni."

"Wadda anka ce ta rasu?"

"Ni nic ce a faɗi hakanan, ɗana," in ji tsohuwar. "Sunana Fatsuma, ban mutu ba. Amma wa ka auren ɗiyak kuturwa? Da danginka sun ji ni randa sunka zo binciken asali, ko ruwa ba su tsayawa sha."

Sandar ta zame daga hannunsa.

"To... waƙag ga fa?"

"Shekara bakwai niy yi asibitin kutare na mishan, can wajen Sakkwato. Ban bar salla ba ko ta rana guda, Allah na shaida. Amma akwai wata mai jinya, in tana wanke min gyambo, waƙag ga taka yi. Ƙannena da munka fito ciki guda, da sanda suka turo min akushi. Ita ko da hannunta taka riƙe ni. Can ta rasu, ban samu na gode mata ba. Sai nir riƙe waƙatta. Mardiya kuma bakina taj ji."

Mardiya ta sunkuyar da kai.

"Ka sake ni in ka so, Malam, ba ni ganin laifinka. Tsoron rasa ka yas sa niy yi shiru. Amma ka sani... ina da ciki, wata ukku."

Lauwali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matar da ya kwana biyu yana bi kamar ɓarauniya, ashe jinyar uwarta take yi.

Tsohuwar ta sa dungulminta biyu ta turo masa ƙoƙon ruwa, yadda ake yi wa kowane baƙo. Sai ta tuna ko ita wace ce, ta yi sauri za ta janye.

Ya riga ta. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa irin durƙuson gaban surukai, ya ɗauki ƙoƙon ya shanye tas.

"Inna, mun iske ku lafiya?"

Fatsuma ta fashe da kuka. Ya juya ga matarsa, shi ma idonsa ya cika.

"Share hawayenki, sanyin idona. Ni ad da laifi. Dada kuma ki bar ni da ita."

Bai ɓoye wa Dada komai ba, ita ma ba ta raga masa ba. Har aka yi girbi, har aka haihu, ba ta amsa gaisuwar Mardiya sai da ka. Ran suna da Dada ta ji an sa wa jaririyar suna Fatsuma, ɗaki ta shige ta ja ƙofa.

Bayan arba'in, wata hantsi Lauwali ya dawo daga garke ya jiyo waƙar a tsakar gida. Ya laɓe a bayan zana kamar da, yana tsammanin Mardiya ce. Da ya leƙa, sai ga Dada da jaririya a cinya tana jijjigawa.

Suka haɗa ido. Ta ɗaure fuska.

"Mi kaka kallo? Ɗiyag ga ba ta barci sai da ita!"