Tsire a Bakin Ƙofa

"Wannan ba hular da kika ɗinka ba ce?"

Bara'atu ta ajiye farantin shinkafar da take tsinta, ta karɓi wayar da mahaifinta ya miƙo mata da hannu biyu. Muryarsa a kwance take, kuma abin da ya faɗar mata da gaba ke nan. Duk gidan an san Alhaji Bappayo: in ya ɗaga murya da sauƙi, in ya yi magana a hankali to kowa ya shiga taitayinsa.

Ɗan guntun bidiyo ne. Ga Uzairu, saurayinta, tsaye a zauren gidansu na unguwar Matsango, kansa ɗauke da hula mai ruwan ƙasa wadda ta kwashe azumi guda tana ɗinka masa. A gabansa wata mata ce da goyo, tana sharar hawaye.

"Ni zan ba mace haƙuri?" in ji Uzairun cikin waya, yana dukan ƙirji. "Tun da aka haife ni ban taɓa ba! Tattara ki tafi gidanku!"

Nan bidiyon ya yanke.

"Baba... wasa ne. Wallahi wasan kwaikwayo ne na talabijin."

"Wasa," ya maimaita. "A zauren ubansa? Da hularki a kansa?"

"Ba su da wurin ɗauka ne, Baba. Kayan sawa ma kowa da nasa yake zuwa."

"Na zagaye layinmu kaf a kasuwa ina tambaya. Ba wanda ya taɓa jin wasan nan, balle ya gan shi." Ya karɓe wayarsa ya jefa a aljihu. "Zan kira Bappanki a Katagum. Mutanen yaron nan su dakata da zuwa neman auren nan ranar Asabar."

Ya sa takalmi ya fita. Inna Saudatu, mahaifiyarta, tana bakin murhu ba ta ce uffan ba, sai dai ta daɗe tana juya miyar da ba ta buƙatar juyi.

Abin haushin, Baba bai yi ƙarya ba. "Bayan Tasha" sunan wasan, wata ƙaramar tashar talabijin ke nuna shi duk Alhamis bayan la'asar, daidai lokacin da maza ke kasuwa, wuta kuma ta ga dama ta zo ta ga dama ta ƙi. Masu kallonsa a garin Azare da za a tara su, da ƙyar su cika motar haya biyu. Waɗanda ke kallon ma ƙorafi suke. Wai babu mutumin kirki ko ɗaya a ciki: mai shayi maƙaryaci, dillaliya magulmaciya, ga uban tafiyar, Gali, mai gadara da taurin kai, wanda Uzairu ke fitowa a matsayinsa.

Ita kanta Bara'atu ta ƙofar ƙorafi ta shigo. Bara, lokacin da tashar ta buɗe layi don jin ra'ayin masu kallo, ita kaɗai ta bugo. Ta wanke Gali tas, ta ce ko dutse in an duba akwai inda yake da santsi, amma shi wannan bawan Allah ba a bar masa alheri ko na ƙwayar gero ba. Uzairu na zaune a ɗakin shirin, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Malama, don Allah kar ki ajiye. Ke ce mutum ta farko da ta kalle mu har ranta ya ɓaci."

Daga nan zance ya yi tsawo, har ya kai ga hula.

Da yamma ta shige ɗaki ta kira shi.

"Sanyin idona," ya ce, "muryarki ba daidai take ba."

"Ka kashe mu, Uzairu! Duk hulunan duniya ka rasa wadda za ka kori mata da ita sai tawa?"

"Ita ce mai kyan da nake da ita..."

Ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata, sai kuma hawaye ya biyo baya. Ta zayyana masa komai. Da ta gama, ya tambaya:

"Wa ya tura wa Baba?"

"Sai ka tambaya? Zainulabideen mana. Shi ya saita masa wayar, shi ke tura masa komai."

Zainulabideen ɗan aminin Baba ne, mai shagon wayoyi a bakin kasuwa. Sau biyu yana aiko a yi masa iso wurinta tana ba da uzuri. Ya iya yanka bidiyo kuwa: ya cire inda aka kira sunan Gali, ya cire tambarin tashar, ya bar hula da hawaye.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Uzairu. "Gobe zan roƙi Anti Mabel, mai goyon da ke cikin bidiyon, ta zo da kanta."

"Allah ya sa."

"Ni ma ina da nawa labarin, Bara'atuna. Manaja ya kira ni yau. Mai shagon atamfar da ke ɗaukar nauyinmu ya janye, ya ce ba mai kallo. Na Alhamis ɗin nan shi ne na ƙarshe."

"Inna lillahi... Ba yadda za a yi?"

"Ya ce sai dai in Gali zai tuba dare ɗaya ya koma malamin unguwa. Na ce masa ni ban taɓa ganin mutumin da ya sauya haka ba."

Ta rungume filo, tausayinsa ya rufe nata. Ta san yadda yake tashi daga makarantar firamaren da yake koyarwa a Gadau, ya hawo babur cikin rana ya zo ɗaukar wasan da ba mai yi masa sannu.

Washegari Anti Mabel ta zo. Malamar jinya ce 'yar Tafawa Ɓalewa, ta shekara da shekaru a Azare, ita ke fitowa a matsayin Kaltum matar Gali. Ta yafa gyale, ta durƙusa ta gaida Alhaji a zaure, Bara'atu na laɓe bayan labule.

"Alhaji, ni ce matar da aka kora ɗin," ta ce tana murmushi. "Mijina Jonah na nan lafiya, shi ya sauke ni ma. Goyon da ka gani kuwa filo ne muka sa wa hular sanyi."

Alhaji ya ɗan yi gyaran murya. Da alama ya gane an yi masa shigo-shigo, amma ba a haifi wanda zai ji hakan daga bakinsa ba.

"Na ji, Malama, na gode da tattaki. Wasa ne." Ya gyara zaman babbar rigarsa. "Amma na ga idon yaron nan lokacin da yake maganar. Mutum ba ya iya kwaikwayon abin da babu shi a cikinsa. 'Yata guda ce. Ba zan ba wanda ya iya wulaƙanta mace haka ba, ko da wasa."

"Alhaji, da ka kalli wasan gaba ɗaya..."

"Ba ni da lokacin shirme."

Magana ta ƙare. Bara'atu ta koma ɗaki. Ƙarya ana iya warware ta, amma wannan tsoron uba ne, ba ta san ta inda za ta kama shi ba. Kwanakin da suka biyo baya ta yi su kamar mai jinya, tana aikin gida, tana gaida Baba safe da yamma, yana amsawa ba ya kallonta.

Ranar Alhamis hadari ya haɗo tun azahar. Bayan la'asar tana kwance, sai ta ji Inna daga falo.

"Ke Bara'atu! Za ki zo ko sai an fara?"

Ta fito ta tarar Inna ta kunna talabijin, ta baje a tabarma da kwanon gyaɗa a gabanta.

"Inna... kina kallo dama?"

"Tun ranar da aka fara. Ke kina ɗaki da wayarki, ni ina nan da Galina." Ta ɓare gyaɗa. "Zauna, kina tare mini."

"Amma kika yi shiru ranar nan?"

"Ubanki ba a ja da shi yana tsaye, 'yar nan. Sai ya zauna."

An fara ke nan ruwa ya tsuge. Ba a jima ba suka ji ƙarar babur a zaure, sai ga Baba ya shigo a jiƙe, ruwa ya tashi kasuwa. Bara'atu ta zabura za ta kashe, Inna ta riƙe mata zani.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ga tawul nan a kujera."

Bai zauna ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana goge wuya, irin tsayuwar mai shirin wucewa.

A talabijin, Kaltum ta dawo daga yaji amma ta kulle kanta a ɗaki. Gali ya san shi ne da laifi. Ya zagaya bayan gida ya tsaya gaban akuya yana gwaji.

"Ki yi ha... ki yi haƙ..." Ya share gumi. "Ke ma ai da naki laifin!"

Akuya ta juya masa baya. Inna ta ƙyalƙyale da dariya har gyaɗa na zubewa. Bara'atu ta saci kallon Baba, ta ga tawul ya tsaya cak a wuyansa.

Gali ya fita, ya doshi mai tsire na bayan tasha. Ya zaɓi tsinke-tsinke da kansa, ya mayar da mai kitse.

"Ƙara yaji," ya ce yana hararar gefe. "Ba don kowa ba. Haka nake so."

Ya dawo gida yana sanɗa. Ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofar Kaltum, ya yi tari sau biyu, ya wuce da sauri ya zauna a tsakar gida yana duban sama kamar mai neman jinjirin wata. Ƙofa ta buɗe kaɗan. Hannu ya fito ya ɗauka. Gali bai waiga ba, amma fuskarsa gaba ɗaya ta saki, har leɓensa na rawa.

Ruwa na ta dukan kwanon rufi.

Inna ta sa bakin mayafi ta goge ido. Ba ta juya ba ta ce, "Tun ina amarya nake cin irin wannan tsiren."

"Saudatu!"

"Ƙarya na yi, Alhaji? Har tarin."

Baba ya juyo kan Bara'atu. Wannan karon ya kalle ta sosai.

"Wa ya gaya wa yaron nan?"

Ta durƙusa.

"Ni ce, Baba. Ka yafe mini." Ta sunkuyar da kai. "Na ce masa Galinsa ba mutum ba ne, don ba shi da alheri ko kaɗan. Sai ya tambaye ni, a cikin mazan da na sani masu zafi, wa na fi so, kuma me ya sa. Na ce kai ne. Na ce ban taɓa jin ka ba da haƙuri ba, amma ban taɓa ganin Inna ta kwana da ɓacin ranka ba..."



A talabijin sunaye na hawa sama. Muryar Uzairu ta fito, tasa ta gaskiya mai sanyi, yana gode wa 'yan kaɗan ɗin da suka jure kallo, yana cewa wannan ne na ƙarshe, wanda aka ɓata wa ya yafe.

Baba ya ajiye tawul a kan kujera. Sai ya juya ya fita cikin yayyafi, ko laima bai ɗauka ba.

"Inna, na ƙara ɓata abin ko?"

"Tashi ki ɗora tuwo," in ji Inna, tana tattara ɓawon gyaɗa.

Ta yi tuwon, ta yi sallar magariba, ta zauna bakin gado da waya a hannu. Uzairu ya turo saƙo: "An gama, masoyiyata. Ko kin kalla?" Ta kife wayar a kan gado. Wasansa ya mutu, aurensu na hannun mutumin da ta sa aka tona wa asiri a talabijin.

Sai ta ji takun takalmi a tsakar gida. Ya zo daidai ƙofarta ya tsaya. Wani abu ya yi motsi a ƙasa, kamar takarda.

Aka yi tari sau biyu.

Ta miƙe a hankali ta ɗaga labule. Ƙunshi biyu ne a bakin ƙofa, mai ya ɓullo ta jikin takardar, ƙamshin yaji ya cika mata hanci. Can tsakar gida Baba na zaune kan kujerarsa, ya ba ta baya, ya ɗaga kai yana duban saman da babu komai a cikinta sai gajimare.

"Baba..."

"Ɗayan na yaron nan ne," ya ce, bai waigo ba. "A kai masa tun da zafinsa. Bappanki na jiran mutanensa ranar Asabar."

Ta durƙusa ta ɗauki ƙunshin biyu ta rungume, zafinsu na ratsa ƙirjinta, hawaye na zuba tana dariya. Daga ɗakin girki ta jiyo Inna ita ma tana ƙoƙarin danne tata.

Baba ya gyara zama, ya ƙara yin gyaran murya.

"Ki kuma ɗinka masa wata hular," ya ce. "Waccan ta zama ta Gali."