Tabki na Uku

A shekarar 1990, Sadatu ce kaɗai mai sarrafa kwamfuta a wani ofishin noman rani a Birnin Kebbi. An ba ta aikin rubuta wa na'urar umarnin raba ruwa ga gonakin shinkafa na Argungu, manoma kuwa suna jira da safe.

Sai bayan isha'i ta gama. Daga cikin shafin da take rubutu ta kira 'yar manhajar da ke jera layukan umarni su daidaita. Da rubutun ya dawo, sai ga wani layi a tsakiya wanda ba ita ta sa ba: kada a ja ruwa daga tabki na uku. Ta goge, ta sake kiran manhajar. Layin ya dawo.

Warin laka ya cika ɗakin.

"Ɗiyata, bar layin ga," in ji wani tsoho a bayanta, da murya kamar daga ƙasan rijiya.

Ba ta waiga ba. "Baba, shinkafa na can na ƙonewa. Ba ni barin shi."

"Iyalina na cikin tabkin."

"Masu gonakin ma suna da iyali."

Ta goge layin, ta adana aikinta, ta karanta Ayatul Kursiyyu a fili, sannan ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

Rigarsa a bushe take ƙamas. Amma duk numfashin da ya saki, ruwa ne ke zubowa daga hancinsa, har da 'yan kifaye suna wutsil-wutsil a kan siminti.